Kwaɗon da Ya Ƙi Cin Abinci: Abubuwan Ban Mamaki 20 a Taƙaice

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ke kiwon kwaɗi a cikin ɗaki don sha'awa kawai. Sukan zuba ƙasa mai laima a akwatin gilashi, su sa fitila da ma'aunin zafi, su riƙa sayen gyare da tana a kanti suna ciyar da su. Cikin koke-koken da likitocin dabbobi suka saba ji daga irin waɗannan mutane har da wannan: kwaɗo ya rufe baki, ya ƙi ci. Ciwo ba ya bayyana a fuskar kwaɗo, don haka ƙin abinci ne yakan fara tona abin da ke damunsa. Wani lokacin kuma lafiyarsa ƙalau, halittarsa ce haka. Ga abubuwa 20 game da ci da ƙin cin wannan dabba.

1. Abin da ba ya motsi ba abinci ba ne

A 1959 Jerome Lettvin da abokan aikinsa uku a cibiyar MIT ta Amurka suka binciki jijiyoyin idon kwaɗo. Suka tarar akwai jijiyoyin da ba sa aika saƙo ga ƙwaƙwalwa sai wani ɗan abu mai duhu ya gilma. Wato ana iya kewaye kwaɗo da matattun ƙudaje, yunwa ta kashe shi a tsakiyarsu. Daga baya Jörg-Peter Ewert na Jami'ar Kassel a Jamus ya ƙara gaba. In aka ja siririn kwali a kwance ta tsawonsa, kwaɗo zai kai masa cafka a zaton tsutsa ce. In aka miƙar da kwalin nan tsaye aka ja shi, sai ya yi biris da shi ko ya maƙale don tsoro. Shi ya sa masu kiwo ke riƙe abinci da hantsaki suna kaɗa shi a gaban kwaɗo.

2. Masu karya wannan doka

Kwaɗon ruwa mai farce na Afirka, wanda masana ke kira Xenopus, ba shi da harshe ko kaɗan. Da sansana yake gano abinci, rayayye ko matacce, ya cusa shi a baki da yatsun hannu, ya yayyaga babba da faratan ƙafafun baya. Shi ne kwaɗon da aka yi gwajin juna biyu da shi daga shekarun 1930 zuwa na 1960: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin matar da ake gwadawa, in ta saki ƙwai kafin kwana ya zagayo, matar na da ciki. Haka ma kwaɗon rake, wanda aka kai guda 102 Ostareliya daga Hawayi a 1935 don ya cinye ƙwarin gonakin rake. A yau jikokinsa kan shiga gidaje da dare su ci abincin karnuka a cikin kwano.

3. Da ido yake haɗiya

Duk wanda ya lura da kwaɗo yana haɗiya zai ga ya runtse, idanun sun nutse cikin kai. Babu ƙashi tsakanin idon kwaɗo da rufin bakinsa, saboda haka idanun kan sauka su danna abincin zuwa maƙogwaro. A 2004 Robert Levine da abokansa a Jami'ar Masachusets suka tabbatar da haka da hoton asibiti mai ratsa jiki. Kwaɗin da aka hana idanunsu nutsewa sun iya haɗiye gyare, amma yawan yunƙurin haɗiyarsu ya ƙaru da kashi 74 cikin 100. Ciwon ido a wurin kwaɗo matsalar ci ce ta fuska biyu: ba ya ganin abincin, kuma haɗiya ta yi masa wuya.

4. Yawu mai sauya hali

A gaban baki harshen kwaɗo yake manne, ba a maƙogwaro ba, shi ya sa yake wurga shi waje. Alexis Noel ta cibiyar Georgia Tech ta nuna a 2017 cewa harshen ya ninka na ɗan Adam taushi sau 10, kuma yana kama ƙwaro cikin ƙasa da kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa. Sirrin yana cikin yawu. Da harshe ya bugi ƙwaro, yawun kan tsinke ya shiga kowane lungu na jikinsa. Wajen janyowa sai ya yi kauri ya riƙe gam. A cikin baki, da idanu suka danna, sai ya sake tsinkewa ya saki ƙwaron.

5. Harshen da ya daina kamu

Akwai wani kwaɗo a jihar Wayomin ta Amurka da ya ƙare a daji, sai a wuraren kiwo na gwamnati da gidajen namun daji. Masu kula da shi suka lura yana wurga harshe ya taɓa gyare, amma gyaren ya tafi abinsa. Kwaɗo ya yi ta kai hari, ya yi ta ramewa. Bincike ya nuna ƙarancin bitamin A ne ya lalata wuraren da ke fitar da yawu mai danƙo a kan harshe. Yunwa na nan, abinci na nan, abin kamu ne ya mutu. Tun daga nan bitamin A ya shiga jerin abin da ake barbaɗa wa abincin kwaɗin kiwo.

6. Ba ya shan ruwa da baki

Kwaɗo kan zauna a cikin ruwa ko a kan ƙasa mai laima, fatar ƙasan cikinsa da cinyoyinsa ta tsotsi ruwan. Duk abin da ke cikin ruwan nan jikinsa zai shiga kai tsaye. Kilorin ɗin ruwan famfo, ragowar sabulu a kwano, fitsarinsa da ya taru a ruwan da ba a sauya ba, kowannensu na iya sa shi kasala ya bar ci. Wanda ƙasar akwatinsa ta bushe ma haka.

7. Ma'aunin zafi ne ke buɗe masa ciki

Jikin kwaɗo ba ya samar da ɗumin kansa, zafin wurin da yake zaune shi ne zafin jikinsa. In wuri ya yi sanyi, narkewar abinci kan ja baya har abin da ya ci ya fara ruɓewa a tumbi, ciki ya kumbura. Ƙin cin da yake yi a lokacin sanyi kariyar kai ce. Kwaɗon ƙaho na Kudancin Amurka, alal misali, ya fi son digiri 24 zuwa 28 da rana. Na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ta isa ta rufe masa baki, zafin da ya wuce kima kuma ya sa shi binne kansa.

8. Barcin rani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda kwaɗi ke ɓacewa da rani, sannan su cika tafkuna da kuka daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da yawansu a ƙarƙashin ƙasa suke. Ƙaton burduddugin kudanci da gabashin Afirka, wanda namijinsa kan wuce kilo 1, yakan tona rami ya lulluɓe kansa da tsofaffin fatun jikinsa, hawa kan hawa, ya bar ƙofofin hanci kawai. A haka zai kwashe mafi yawan shekara ba ci. Kwaɗon ƙaho ma yakan yi wannan a akwatin gilashi in ƙasa ta bushe, har mai shi ya gan shi a sandare ya ɗauka ya mutu. Ruwa mai ɗan ɗumi da haƙuri ne ke tashe shi. A Jami'ar Kwinsland an binciki wani kwaɗon Ostareliya mai irin wannan barci, aka ga hanjinsa na tsukewa a cikin rami, ya farfaɗo da zarar ya samu abinci, tsokar ƙafafunsa kuwa ba ta lalacewa duk da watannin kwanciya.

9. Wanda ke zama ƙanƙara

Kwaɗon dajin Alaska yakan bar ci in sanyi ya gabato, ya shige ƙarƙashin busassun ganyaye ya daskare. Zuciya ta tsaya, numfashi ya tsaya. Hantarsa ce ke cika jikin da sukari don kada ƙanƙara ta kashe ƙwayoyin naman. Binciken Jami'ar Alaska da ke Fairbanks a 2014 ya samu kwaɗin da suka yi sama da wata 6 a daskare, sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, kuma suka farfaɗo da bazara.

10. Uwar da ta mai da tumbinta ɗakin raino

A 1973 aka bayyana wani kwaɗo a duwatsun Kwinsland mai al'ada ta daban. Macen kan haɗiye ƙwanta bayan an barbare su. Wani sinadari da ke jikin ƙwan sai ya tsayar da ruwan narkar da abinci, tumbi ya koma wurin raino. Kimanin mako 6 uwar ba ta cin komai, sannan ta buɗe baki 'ya'yan su fito da ƙafafunsu, bayan 'yan kwanaki ta koma ci. Likitoci sun so su koyi maganin gyambon ciki daga gare ta, amma lokaci ya ƙure. Rabon da a ga wannan nau'i a daji tun 1981, ɗan'uwansa da aka gano a 1984 shi ma ya ɓace a 1985.

11. Wutsiya ce guzuri

Ɗan kwaɗo mai wutsiya yana da dogon hanji a nannaɗe, don gansakuka da ganye yake kankara a cikin ruwa. In hannuwa suka fito, sai ya daina ci gaba ɗaya. A kwanakin nan bakinsa ke faɗaɗa, harshe ya tsiro, hanji ya gajarce ya dace da cin ƙwari. Jiki kuma yana narkar da wutsiya yana rayuwa da ita. Sai ta kusa ƙarewa yake kama ƙwaronsa na farko.

12. Yana cin saɓarsa

Kwaɗo yana saɓa a kai a kai. Zai yi ta hamma, ya kumbura jiki, ya ja tsohuwar fata da ƙafafu zuwa baki ya haɗiye ta. A ranar saɓa wasu kan ƙi abinci, kuma ba komai. Saɓar da ta yawaita, tana fita guntu-guntu, ita ce abin dubawa.

13. Amai da tumbi ɗungurungum

In kwaɗo ya ci abu mai dafi, yana iya turo tumbinsa gaba ɗaya ta baki, kamar an juya aljihu, ya share shi da hannu, sannan ya haɗiye shi ya koma mazauninsa. Masanan da suka lura da wannan, Tomio Naitoh na Japan da Richard Wassersug na Kanada, sun ga da hannun dama ya fi sharewa, saboda ta wannan gefen tumbin ke fitowa.

14. Abincin da ke fita da ƙafarsa

Shinji Sugiura na Jami'ar Kobe a Japan ya ba kwaɗi wani ɗan ƙwaron ruwa a 2020. Kashi 93 cikin 100 na ƙwarin da aka haɗiye sun bi ta hanji sun fito ta dubura da ransu, mafi sauri cikin minti 6. Waɗanda aka liƙe wa ƙafafu da kakin zuma kuwa narkewa suka yi. A 2018 ma ya gwada wani ƙwaro mai fesa ruwan dafi da ya kusa tafasa. Ana jin ƙarar fashewar daga cikin kwaɗo, kuma kashi 43 cikin 100 na kwaɗin sun amayar da shi da rai, wani bayan minti 107. Mafi tsanani shi ne tsutsar ƙwaron Epomis, wadda masanan Jami'ar Tel Abib suka bayyana a 2011. Takan kaɗa kai ta jawo kwaɗo, ta kauce wa harshensa, ta maƙale masa a wuya ta cinye shi.

15. Kwaɗayi mabuɗin wahala

Kwaɗon ƙaho na Ajantina da Birazil da Faraguwai yana cikin waɗanda aka fi kiwo. Kusan rabin jikinsa baki ne, shi ya sa aka laƙaba masa sunan wasan Pac-Man na 1980. Yana cin ƙwari, ɓera, ƙadangare da 'yan'uwansa, don haka shi kaɗai ake ajiye shi. An sha samun sa a mace da abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa a baki. Wani awo da aka yi a 2017 ya nuna ƙarami mai faɗin kai santimita 4.5 yana cizo da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 3. Garin cafka yakan haɗa da tsakuwa ko ɓawon itace, hanji ya toshe, kashi ya tsaya, ci ya tsaya. Burduddugin Afirka ma ba baya ba ne: an taɓa rubuta labarin wani a Afirka ta Kudu da ya haɗiye 'ya'yan wani maciji mai tofa dafi, dangin gamsheƙa, sama da 15. Ƙa'idar masu kiwo ita ce kada abinci ya wuce faɗin tsakanin idanun kwaɗo.

16. Ƙibar da ke makantarwa

Koren kwaɗon bishiya na Ostareliya yana ɗauke da sunan John White, likitan da ya bayyana shi a 1790. Yana iya wuce shekara 15 a hannun mai kiwo, kuma ba ya cewa ya ƙoshi. Ana gane ƙibarsa daga tudun naman da ke saman kunnensa, in ya rufto ya rufe kunnen, abinci ya yi yawa. Yawan ba kwaɗo ɓeraye kuma yana tara kitse a idonsa, farin tabo ya mamaye gani. Kwaɗon da ba ya ganin motsi ba ya ci, wato ƙoshi ne ya kai shi ga yunwa.

17. Muƙamuƙi mai laushi

Gyaren kanti yana da ƙarancin kalsiyam. Kwaɗon da aka ɗora a kan gyare zalla, jikinsa kan riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi har muƙamuƙi ya yi laushi ya lanƙwashe, ƙafafu su baje, jiki ya riƙa rawa. A wannan hali ko ya kama abinci ba ya iya riƙe shi. Masu kiwo suna da dabara biyu: barbaɗa wa ƙwari garin kalsiyam da bitamin D3 dab da miƙa su, da kuma ciyar da ƙwarin kansu ganye da karas kwana ɗaya ko biyu kafin a ba kwaɗo. Tana ta fi gyare kalsiyam, kuma sassauya abinci ya fi nau'i ɗaya.

18. Dafin ma daga abinci yake

Kwaɗon zinariya na Kolambiya, wanda aka bayyana a 1978, dafinsa ya isa kashe mutane da dama, kuma mutanen Embera kan shafa tsinin kibiyoyinsu a bayansa. Amma wanda aka ƙyanƙyashe a akwatin gilashi ba shi da dafi. John Daly, masanin sinadarai a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan, aka gane irin waɗannan kwaɗi daga tururuwa da wasu ƙananan ƙwarin daji suke tara dafinsu. A gida kuwa ƙudajen 'ya'yan itace ake ba su. Ta ɗaya gefen, ƙwaron nan mai walƙiya da dare na Amurka ya kashe kwaɗin White da aka ba shi, kuma ƙwarin da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi guba ne.

19. Lokacin da cuta ce da gaske

Akwai wata irin fumfuna da ke kama fatar kwaɗo, wadda aka raɗa wa suna a 1999. Tana kaurara fatar har gishirin jini ya rikice, zuciya ta tsaya. Alamunta na farko su ne kasala, ƙin ci da yawan saɓa. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2019 ya ɗora mata alhakin raguwar nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana jin sun ƙare, kuma cinikin kwaɗi tsakanin ƙasashe na cikin abin da ya yaɗa ta. Sai ciwon jar ƙafa, inda ƙwayoyin cuta ke shiga jini, ƙasan ciki da cinyoyi su yi ja, wanda ya fi kama kwaɗon da ke zaune cikin ƙazanta. Tsutsar ciki ma tana ramar da kwaɗo ko yana ci.

20. Baƙunta da yawan taɓawa

Sabon kwaɗo kan yi kwanaki bai ci ba don firgici. Rashin maɓoya, haske mai yawa, hayaniya da yawan ɗauka a hannu duk suna tsawaita wannan. Yawancinsu da dare suke farauta, abincin da aka miƙa da tsakar rana ba lallai su kula shi ba. Gyaren da aka bari ya kwana a akwati kuma yana iya gatsar kwaɗon. Taɓawar ma haɗari ce ga ɓangare biyu: man shafawa da gishirin hannu na cutar da fatarsa, shi kuma yana ɗauke da ƙwayar salmonela. Tsakanin 2009 da 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 241 a jihohi 42 da suka kamu daga ƙananan kwaɗin ruwa na kiwo, akasarinsu yara.

Ga mai kiwo

In kwaɗonka ya ƙi ci, fara da ma'aunin zafi, sannan laimar ƙasa, tsabtar ruwa, girman abinci da motsinsa, da kuma rabonsa da kashi. Ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako kana rubuta nauyinsa. Babba mai jiki zai iya tsallake mako ɗaya ko biyu ba tare da illa ba, ƙarami kuwa ba ya jure haka. In ka ga rama, kumburi, jan ciki, farin ido ko lanƙwasar muƙamuƙi, nemi likitan dabbobi ba tare da jira ba. Kada ka ɓamɓare masa baki ka yi masa ɗure da kanka, ƙashin bakinsa bai da ƙwari. Wanda kuma ya gaji da kiwon, kada ya saki baƙon kwaɗo a tafki ko rafi, domin ta haka cuta ke isa ga kwaɗin gida, waɗanda ke rage mana ƙwari a gonaki da tsakar gidaje duk damina.